Jaman Ɗin da Ba Bature Ba Ne

Ku yi haƙuri zan ɗan dame ku, tun jiya hankalina bai kwanta ba.

Ina shekara shida, lokacin aikin dam ɗin Bakolori, ƙuraje suka feso mini. Baba ya dawo da ni daga asibitin Mafara, ya ce sunan ciwon Jaman mizil.

Kaka ta dafe ƙirji. "Jaman? Turawan wurin aikinku? Sai da na ce ka bar kai ɗiyar ga can!"

"Inna, suna ne kawai. Likita dai ya ce a raba ta da uwarta, tunda ciki gare ta."

"A raba ɗiya da uwa tana zazzaɓi? Da Bature za ka raba ta!"

A jikin mahaifiyata na yi jinya. Ƙanena Bello, kurma aka haife shi.

Jiya ɗiyata mai aikin asibiti ta ce mini idan ciwon nan ya kama mai juna biyu, yakan taɓa kunnen ɗan da ke ciki.

Na san ƙaddara ce. Amma in sanar da Bello, ko in bar shi? Don Allah ku amsa mini da wuri, gobe zai zo gidana.