Notin da Aka Yi Don Ya Karye

Warin ɗanyar ciyawa in ya haɗu da na giris, yanzu sai in toshe hanci. Da can kuwa ƙamshin Baba ne.

Gidanmu yana cikin birni, ta wajen Ƙofar Kuyambana. Tarakta ba ta shiga lungunmu, don haka a filin bakin ganuwa Baba yake ajiye tasa, tare da injin sassaben da ake ɗaura mata a baya. In ba ka san shi ba, wani faffaɗan ƙarfe ne kamar an kife faranti, wuƙaƙe masu kauri na juyawa a ƙarƙashinsa. Da damina ta zauna, ciyawa ta rufe filayen makarantu da bakin gonaki, sai a yi ta sallama da Baba.

Ba ya fita sai ya tokare injin da kututture, ya kwanta a kan buhu, ya kankare ciyawar da ta naɗe, ya wasa wuƙaƙen, ya duba mai. Ni kuwa ina tsugune ina kallo har in makara makarantar allo. Akwai wani noti da ke haɗa injin da sandar da ke juya shi. Mai laushi ne, da wuƙa ta daki dutse sai ya karye, komai ya tsaya cak. Baba yana tara irinsa a gwangwanin madara. Na taɓa tambayarsa me ya hana ya sa mai ƙarfi ya huta.

Ya ce, "Uwata, in bai karye ba, wani abu ne zai karye a madadinsa."

Baffa, ƙanensa, a hannunsa ya koyi aikin. Da ciwo ya kwantar da Baba, a gabana ya miƙa masa gwangwanin cike fal. Baffa yana hawaye ya ce, "Yaya, yadda ka bari haka zan riƙe." Baba bai ga ƙarshen shekarar ba.

Da na gama sakandare na soma koyar da ƙananan yara a wata makaranta a Tudun Jukun. Bana ciyawa ta cinye mana fili, ni da bakina na ce a kira Baffa. Har da alfaharina, wai injin babana ne. Yana cikin yanka ina bakin aji, wata yarinya ta riƙe mini hijabi, sai muka ji ƙara kamar aradu. Injin bai tsaya ba. Guntun wuƙa ya wuce ta gefen kunnena ya kafe a ƙofa. Wallahi har yanzu ina jin iskarsa. Da Baffa ya kashe tarakta na je na leƙa ƙarƙashin injin. Notin yana nan lafiya lau, baƙi, na ƙarfe mai tauri, irin wanda Baba ya hana.

A zauren gidanmu Baffa ya gaya wa manya wai wata tsohuwar waldar marigayi ce ta saki. Kowa ya ce Allah ya gafarta masa. Baba fa! Mutumin da ba ya nan balle ya buɗe baki. Na faɗa wa Kaka abin da na gani, ta ce, "Tunda ba a yi rauni ba, ki rufa wa gida asiri."

Ban iya ba. Na san inda gwangwanin yake, a kan katangar zaure. Na sauko da shi, na durƙusa na ajiye a tsakiyar tabarma a gaban manya. Cike yake fal, yadda Baba ya miƙa shi, har notikan sun yi tsatsa. Babu wanda ya sake ambaton walda.

Baffa ya ce, "Ni za ki tozarta? Kin san wahalar tsayawa canjin noti a tsakiyar rana?"

Har yau ba ya amsa gaisuwata, Kaka ma sama-sama. An sa wa injin sabuwar wuƙa, yana fita aiki, kuma ban san wane noti ke jikinsa ba. In na jiyo kukan tarakta daga nesa, sai in tattara yarana mu koma ƙuryar aji, in rufe ƙofar nan mai rami.