Koren da Na Gani a Gilashin Malam Sabi'u

Har na bar aiki ba zan manta da ranar da aka kawo min tsokar ƙwaƙwalwar Malam Sabi'u ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ɗakin awon tsoka na wani babban asibiti a Zariya. Shi kuwa manomi ne a Dandamisa, maƙwabcin babana. Ciwon kai da farfaɗiya suka kayar da shi a gona ana tsakiyar damina, asibitin Makarfi ya turo shi wurinmu, aka yi masa tiyata aka yanko ɗan abin da ya tsiro.

Ga yadda aikin yake. Kowace ƙwayar halitta tana da wasu siraran zaruruwa na furotin da ke riƙe ta, kuma na ƙwaƙwalwa daban suke da na sauran jiki. Mukan yanka tsokar siriri, mu shimfiɗa a gilashi, mu zuba rinin da ke kama zaren ƙwaƙwalwa kaɗai. Da wannan, haɗe da kamannin ƙwayoyin, likita ke gane irin ciwon da asalinsa.

Danginsa suna fatan maruru ne, wanda magani zai iya. Ni ma haka na yi ta roƙo. Da na leƙa madubin awo, sai ga koren rinin ko'ina, ƙwayoyi sun cunkushe, sun karkace. Ban taɓa haɗa gilashi mai kyan wannan ba. Shugabarmu, babbar likita, ta duba ta daɗe.

"Ƙari ne, mugun iri, daga ƙwaƙwalwar ya taso," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ba abin yi?"

"A rage masa ciwo."

A baranda na haɗu da matarsa, Inna Hajara. Ta kamo hannun rigata.

"Ɗana, an ce kai ka duba. Me ka gani?"

Doka ta hana mu faɗa, aikin likita ne. Na ce, "Inna, likita za ta kira ku."

Ta kalle ni, ta saki rigar a hankali. "To, Allah ya yi maka albarka. Bari in je, bai ci komai ba."

Aka mai da shi gida, bai ga yankan dawa ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ku sani: a ɗakin nan mun ƙware wajen gano sunan ciwo. Sau da yawa sunan kaɗai muke da shi da za mu ba mutane su tafi da shi gida.