Kan sarkin matata

Shekarun baya, a shekarar da aka yanke mana Jihar Nasarawa, 'yata ta nemi aikin jinya a Abuja. Sharaɗin shi ne takardunta su isa kafin ƙarshen mako, kuma a wasiƙar rajista ta gidan waya. Lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, sai na kafe ni zan rubuta adireshin. Na zauna a kan tabarma na zana shi harafi bayan harafi, har na yi gumi.

Maƙwabcinmu a Angwan Iya ya ce ba sai na sayi wani abu na musamman ba, kan sarki na yau da kullum ma yana biyan rajista in dai ya kai kuɗin. Matata na jin haka ta ɗauko wani gwangwani. Yayanta, malamin makaranta a Agwada, ya taɓa ba ta kan sarki masu yawa don ta riƙa aika masa wasiƙa. Ba ta iya rubutu ba, ta adana su har ya rasu.

"Ungo, Baban yara," ta ce. "Su ma su ga Abuja."

Na ƙananan kuɗi ne, sai na yi ta liƙawa har fuskar ambulan ta cika.

A gidan waya ma'aikaciyar ta juya ambulan, ta dube ni.

"Baba, kuɗi kam ya cika. Amma ina za a kai ta?"

Ashe na rufe adireshin kaf. Mutanen layi suka fashe da dariya, ga motar wasiƙu tana shirin tashi. Ma'aikaciyar ta ɓamɓare na tsakiya, ta manna farar takarda a wurin, ta cike giɓin kuɗin da sababbi a gefe, ta miƙo mini biro.

"In rubuta maka?"

"A'a, 'yata. Riƙe mini direban dai."

Na sake rubutawa a tsaye, wani dattijo a bayana yana cewa, "Sannu a hankali, malam, muna jira."

Takardun sun isa, yarinyar ta samu aikin. Har yau in na tuna, ba dariyar ce ke fara zuwa mini ba, layin nan ne da ya tsaya cak saboda ni.

Da na koma gida matata ta tambayi asarar da aka yi. Na ce kan sarkin yayanta biyar sun yage, da adireshi ɗaya, mafi kyawun da na taɓa rubutawa, wanda babu wanda ya karanta.