Tukunyar Kuskus ɗin Goggo Asabe

Goggo Asabe ba ta barin mutum ya shiga kicin ɗinta sai ta shinshina hannunsa. Ta ji turare, halas, shi ke nan, koma falo. Shekara talatin ta yi tana dafa wa wata tsohuwa 'yar Maroko abinci a unguwar Balad, nan ƙasa mai tsarki, ta fito da girkinsu a hannu da girman kan da ya fi tashar jiragen ruwa faɗi. Tsohuwar ta bar mata tukunyar turara kuskus ta jan ƙarfe, da amanar kada girkin ya mutu a hannunta.

Ni 'yar ƙaninta ce, wa zai gaji tukunya in ba ni ba? Sai ga Zainabu, maƙwabciyarmu 'yar Sudan, ta shigo aron gishiri ta shekara shida ba ta fita ba.

Ranar farko da ta fara koya mana, Goggo ta ce sau uku ake turara kuskus, kowace saukewa a murza shi da tafin hannu yana tururi. Na ga ba zan ƙone a banza ba, na ɗauko muciya. Ya zama tuwo. Ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Sannu Binta, saura miyar kuka." Zainabu kuwa ta murza har hannu ya yi ja, ana ta shi mata albarka kamar ita ta haƙa Zamzam.

Abin ya ci ni. Ranar da Zainabu ta ɗora tajin, wato dahuwar kaza da zaitun da lemon tsamin da ya yi wata a gishiri, na faki ido na jefa mata daddawa. Tun daga matakala Goggo ta ja hanci ta ce wannan hannun gidanmu ne. Ita kuma ba ta zubar da abinci. Kwana uku ina cin abin nan ni kaɗai, tana zaune tana min fifita.

Da ciwo ya kwantar da ita, a gabana ta miƙa wa Zainabu tukunyar. Na ce, "Goggo, jini fa?"

"Jini ba ya murza kuskus. Ke baki Allah ya ba ki, ki riƙa ɗanɗana mata."

Yanzu duk Juma'a Zainabu na koya wa 'yan matan unguwa, ni ina kan kujera ina neman aibi. Juma'ar da ta wuce na kai loma, na ji hannun marigayiya Goggo sak. Na juya baya na goge ido, na ce gishiri ya yi yawa.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta. Zainabu ma, to, Allah ya ƙara wa hannunta albarka.