Keken Maman Ruth

Idan kana neman Baba Dauda a Gonin Gora, kada ka wahalar da kanka da tambayar lambar shago, ba shi da ita. Ka ce mai gyaran keken ɗinki, za a nuna maka wata rumfar kwano a bayan masu sayar da doya, nesa kaɗan da titin Abuja. Can za ka tarar da shi da tabarau ɗaure da zare, ga kawunan kekuna jere a gabansa, baƙaƙe wuluk, wasu ma sun girme shi.

Mutumin Filato ne, daga wajen Pankshin. Ya shigo Kaduna yana saurayi, ya yi shekara ashirin da biyu a wata masaƙa a Kakuri yana kula da injuna, har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce kowa ya kama gabansa. Daga nan ya koma gyaran keke. Allah kuwa ya ba shi ido da kunne. Tela zai sauke keke daga kan acaɓa, kafin ya gama gaisuwa Baba ya ce, "Wannan ɗan Indiya ne," ko "Ɗan Caina ne, amma na farko-farko." Tsohon Singa kuwa, na zamanin Turawa, ko idonsa a rufe zai gane shi. Yana da nauyi, yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfen, ga tambarin tagulla da aka kafe da ƙananan ƙusoshi biyu. Teloli sun yarda da shi fiye da yadda suka yarda da rasit. A coci ma dattijo ne, in Baba ya ce haka ne, to an gama magana.

Sau ɗaya tak ya taɓa yin ƙarya a kan keke, kuma ba wanda ya sani, har matarsa Martha. A shekarar da aka rufe masaƙa ne, lokacin da gidansa ya kwana uku ba a ɗora tukunya ba. Ya sami kan wani keke ɗan Caina, ya shafe shi da baƙin fenti, ya liƙa masa rubutun Singa mai ruwan zinariya, ya cire tambari daga wani mataccen keke ya manna da gam. Ya sayar wa Eunice, wata matashiya da mijinta ya rasu ya bar ta da goyo, a kan cewa Singa ne na asali. Keken bai ba ta kunya ba, da shi ta yi rainon 'yarta Ruth har ta gama makaranta. Shekara ashirin Maman Ruth tana cika baki a unguwa cewa kaf Gonin Gora ba mai irin kekenta. Duk sanda ta faɗa a gabansa, sai Baba ya sunkuya ya shiga neman wani noti da bai ɓata ba.

Wata Asabar da hantsi, Tony shugaban 'yan banga ya taka birki a bakin rumfar, bai ko kashe babur ba.

"Baba, hau mu je. Yanzu-yanzu."

"Lafiya?"

"Ina lafiya? An kama ɓarawon keken Maman Ruth."

Kwana uku kafin nan ɓarayi sun fasa shagonta, suka cire kan keken suka bar mata teburin. Yau kuma wani baƙo ya sauko daga mota da buhu a kafaɗa, buhun ya yage, baƙin ƙarfe da rubutun zinariya suka leƙo. Maman Ruth na wucewa ta gani, ta ƙwalla ihu.

Tun daga nesa Baba ya jiwo hayaniya. Ya zauna a garin nan ya ga abin da taro yake iya yi wa mutum cikin minti biyar, kuma bai taɓa mantawa da warin ƙunar ba. Da suka kutsa ciki, sai ga baƙon zaune a ƙasa, riga a yage, jini na bin gefen kunnensa. Magidanci ne, zai kai shekara arba'in. Sunansa Harrison, daga Binuwai, ba ya jin Hausa sosai. Abu ɗaya yake ta maimaitawa da Turancin buroka, da muryar da ta dishe: "Na my mama own, abeg." Wato keken na mahaifiyarsa ne, ta rasu, ya ɗauko zai kai wa matarsa a Sabon Tasha. Ba mai saurarensa. Wani ya riga ya mirgino taya, wani kuma yana riƙe da galan, hancin kowa ya san abin da ke ciki.

Tony ya matso kusa da kunnen Baba. "An buga wa 'yan sanda waya, suna hanya. Amma in ka ce nata ne, wallahi ba zan iya tare mutanen nan ba."

Sannan ya ɗaga murya: "Ku saurara! Ga wanda ya sayar mata da keken. Abin da ya ce shi ne."

Baba ya durƙusa. Tun kafin ya taɓa, ya riga ya sani. Ya ɗaga kan keken ya ji nauyinsa, ya shafa lambar da ke jikin ƙarfen, ya kai farce kan tambarin ya ji ƙusoshin nan biyu. Ya juya wilin a hankali, ya ji tafiyarsa sumul. Singa ne na gaske, irin wanda ya ce ya sayar, ba irin wanda ya sayar ba.

"Ba naki ba ne, Maman Ruth," in ji shi.

"Haba Baba!" Ta dafe ƙirji. "Shekara ashirin ina kallon keken nan safe da yamma. Singa orijinal ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

"To! Waye yake da Singa orijinal a garin nan in ba ni ba? Kai da bakinka ka ce babu na biyunsa!"

Taro ya ɗauka. "Tsoho ya ruɗe!" "Idonsa ya mutu!" "Ko an ba shi wani abu ne?" Mai tayar ya ƙara matsowa. Harrison ya dubi Baba, bai fahimci yawancin abin da ake faɗa ba, amma ya fahimci cewa maganar tsohon nan ba ta karɓu ba. Ya runtse ido, leɓɓansa na motsi.

Tsoro iri biyu suka taru wa Baba. Yana tsoron ya ga an cinna wa mutum wuta a gabansa. Yana kuma tsoron abin da zai hana hakan, domin ya san mene ne. Ya hango fuskokin teloli a cikin taron, ga 'yan cocinsu, ga matan zumunta da suke durƙusawa su gaishe shi. Har zuciyarsa ta ce masa ya yi shiru, ai ya riga ya faɗi gaskiya, su ne suka ƙi ji. Sai ya ji ƙarar buɗe murfin galan.

Ya miƙe.

"Maman Ruth, kin tuna shekarar da tambarin kekenki ya faɗo, kika kawo mini a ƙulle a bakin zane?"

"Na tuna. Ka ce tsufa ne, ka manna mini."

"Zo ki cire wannan."

Ta sunkuya ta sa farce, ta sa tsinke. Tony ya ba ta wuƙa ta gwada. Tambarin ko gezau.

"Na Singa ba ya faɗowa, da ƙusa ake kafe shi," in ji Baba. "Naki ya faɗo ne don ni na manna shi tun farko. Kekenki ɗan Caina ne. Ni na yi masa fenti, ni na liƙa rubutun, na ce miki Singa ne. Ƙarya na yi miki. Wannan mutumin nasa na gaske ne, ku sake shi."

Wurin ya yi tsit, har ana jin wucewar tireloli a kan titi. Da ya ce idonsa ne ya gani, da sun ci gaba da musu. Amma ba wanda ya taɓa jin dattijo ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya kira kansa macuci don ya kare baƙon da bai sani ba. Mai galan ya rufe murfi ya sulale. Tayar ta faɗi a gefe, aka rasa wanda ya kawo ta. Mutanen da ɗazu suke rantsuwa sun ga ɓarawo da idonsu, kowa ya tuna yana da abin yi a gida. Tony ya kama Harrison ya ɗaga shi, ya sa aka kawo ruwa aka wanke masa kunne.

Maman Ruth ba ta tafi ba. Ta dubi jinin da ke ƙasa, ta dubi hannayenta. Can ta juyo wajen Baba, ba ihu, ba zagi.

"Baba, ka ci abinci a gidana. Kai ka yi addu'a a bikin Ruth. Da ba a kama bawan Allahn nan ba, yaushe za ka gaya mini?"



"Da ban gaya miki ba," in ji shi. "Da har kabari."

Ta gyaɗa kai, ta gyara ɗaurin zanenta. Ta wuce ta gabansa ta je ta durƙusa a gaban Harrison tana ba shi haƙuri da kuka, ba ta ƙara duban inda tsohon yake ba.