Malam Zailani da Ɗankunnen Cikin Ƙofa

Kullum da hantsi, in ka bi ta Ƙofar Doka, za ka tarar da Malam Zailani ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya jera sukudireba da filaya, ya ajiye gwangwanin da yake zuba ƙusoshi. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da taya. Aikinsa ƙofar mota ne: wadda ta ƙi buɗuwa, wadda ta ƙi rufuwa, da wadda gilashinta ya faɗa ciki ya ƙi fitowa. Yana da nawa, wannan kam ko masoyinsa ba zai musa ba. Direbobi kan ce in za ka kai masa mota, ka tafi da abincin rana. Yanzu ido ya fara gajiya, ya ce bayan Babbar Sallah zai naɗe buhunsa. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi alherinsa yana ji.

Alheran suna da yawa, amma guda ɗaya zan ɗauka, wanda aka yi a idon jama'a.

Akwai Sailuba mai kitso, bazawara ce a cikin birni, da kitson take riƙe da kanta da tsohuwarta. Wata ranar biki ta yi wa Hajiya Asma'u, matar Alhaji Haruna mai yadi, kitso a gida. Hajiya ta je biki a Wusasa a motar Alhaji ta dawo, sai aka wayi gari babu ɗankunnenta na zinare guda, gadon mahaifiyarta. Ta rantse a ɗaki ta cire shi, kuma ba baƙon da ya shiga ɗakin sai mai kitso. Ba a kai ƙara ba, ba a yi faɗa ba. Kawai dai gidaje suka daina aikawa a kira Sailuba. Har matar Malam Zailani ta sauya mai kitso, shi kuma abin yana damunsa, amma ba shi da hujjar da zai hana.

Shekaru suka shuɗe. Da aka shiga yayin na'urar nan da ke kulle ƙofofin mota gaba ɗaya, Alhaji Haruna ya kawo Fijonsa a sa masa. Malam Zailani ya kwance hannun gilashi, ya zare ƙusoshi, ya ɗaga murfin ƙofar baya a hankali don ya sami wurin ɗaure na'urar. Yana leƙa gindin ƙofar, sai ya ga wani abu na ƙyalli a cikin tsohon giris da ƙura: ɗankunnen zinare. Da alama mayafi ne ya fizge shi ranar bikin, ya zurara ta bakin gilashi.

Da wani makanikin ne, da tuni ya zaro shi ya goge, ya miƙa yana jiran tukuici. Malam Zailani ya janye hannunsa. Ya san halin garinsa. In ɗankunnen nan ya fito daga hannunsa, kafin la'asar za a ce Sailuba ce ta ba shi ya ce ya tsinta.

Ya ce, "Alhaji, aiki ya tsaya. Don Allah a je a zo da Hajiya."

"Hajiya kuma? Nan bakin titi? Malam Zailani, lafiya kake?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Akwai abin da ba zan taɓa ba sai ta gani da idonta."

Alhaji ya yi faɗa, ya ce sauri yake, ya ce zai kai wa wani. Malam Zailani ya koma ya zauna a kan buhunsa. A ƙarshe dai aka ari mota aka kawo Hajiya. Ta durƙusa gaban ƙofar, direbobi da masu shayi na tsaye suna kallo, ta sa yatsa ta ɓamɓaro shi da ƙyar, shatinsa ya fito a jikin giris ɗin. Ta daɗe ba ta miƙe ba.

Malam Zailani, kai ne ka ga zinare ka fara tuna mai kitso kafin mai zinaren. Ka yarda a ce maka mai taurin kai, ka kusa rasa babban mai kawo maka aiki, don a wanke matar da ba ka haɗa komai da ita ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma masu sana'a, da mu masu saurin baki, mu koyi tsayawa mu duba kafin mu ɗora wa mutum abin da zai daɗe bai sauke ba.

A ranar Hajiya ta taka da ƙafa har gidan Sailuba, ta buɗe tafin hannu ta nuna mata, tana kuka tana neman gafara. Sailuba ta yafe nan take. Sai dai ta juya ta dubi ɗakin tsohuwarta, wadda ta rasu damunar da ta wuce ba ta ƙara shiga taron mata ba saboda kunya.

Ta ce, "Hajiya, ba komai. Inna kawai na so ta gani."