Ranar da Tukur Maƙeri Ya Koma Zuga

Duk Ƙofar Kware babu wanda bai san Tukur Maƙeri ba. Wanda bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don mutum ne da ko gaisuwa yake yi sai ka rantse faɗa ne. Tun yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya zaunar da shi bakin zugazugi, ya shekara bakwai yana hura wa wani wuta kafin a bar shi ya taɓa masaba, gudumar maƙera. Ranar da ya riƙe masabar nan kuwa ya ce shi da zuga har abada. A shekarun da kuɗin mai suka cika gari, kowane babban ma'aikaci yana son takobin da zai rataya a falo, Tukur ya yi ta ƙerawa har ya gina ɗaki biyu na siminti. Takubban ado ne fa, amma sai ya wasa su sun yi kaifi, wai shi ba ya ƙera ƙarya.

Amininsa shi ne Malam Hayatu, tsohon malamin Larabci, gida na kallon gida. Shekara arba'in suna zama a zauren Malam bayan la'asar, suna shan fura suna gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk ranar da Tukur bai samu zaman nan ba, ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Ana cikin mulkin soja, a shekarar 1994, Ibrahim ɗan Malam ya dawo daga Legas da na'urar wasa da ake jonawa da talabijin, wai don 'ya'yansa. Ina! Kwana uku tsofaffin nan biyu suka ƙwace abin, ko kunya babu. Wasan na mutum biyu ne, kowa da abin dannawarsa da ake kira hannu. Ɗaya jarumi ne mai takobi, ɗayan wani tsohon matsafi mai sanda da ke jefa wuta, su biyun suna ratsa daji da kogo suna kashe dodanni.

Tukur ya miƙa hannu zai ɗauki mai takobi, don wa ya fi shi cancanta? Sai Malam ya riga shi.

"Ni dai ba ni taɓa sihiri, ko da na talabijin ne," in ji Malam, yana gyara rawani. "Kai da kas saba da wuta, riƙe matsahin."

Haka maƙerin takobi ya koma matsafi, yana ji yana gani Malam na wulwula takobi kamar mai korar kaji. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ga shi wutar matsafin ba kyauta ba ce: akwai wani ɗan tulu a saman allo da ke raguwa da kowace jifa, kuma sai a hankali yake sake cika. Tukur da zafin zuciya, da ya ga dodo sai ya juye tulun duka a kansa, sa'an nan ya ruga ya kama dukansa da sanda. Bugu ɗaya ake yi wa tsohon ya baje.

"Tukur, mi kaka yi a gaba? Koma baya!"

"Baya wurin mai zuga ne, Malam. Ni na wuce nan tun ba a haihi Ibrahim ba!"

Da faɗuwa da tashi dai suka kai ga dodon ƙarshe, wani ƙato mai sulken ƙarfe tun daga kai har ƙafa. Nan suka maƙale. Takobin Malam sai ya yi ƙwal ya dawo, wutar Tukur kuma ta ƙare dodo na nan tsaye. Mako biyu suna shan kashi.

Ana nan sai Ibrahim ya gama gininsa a unguwar Arkilla, can wajen gari, ya ce ranar Asabar zai kwashe mahaifinsa da komai nasa. Tukur ya yi ta cika baki cewa sai sun kashe dodon nan kafin Asabar, amma ba dodo ne a ransa ba. Tsoro yake ji, tsoro sosai, kada a rufe zauren nan zumuncin shekara arba'in ya koma gaisuwar Salla. Arkilla da nisa, kuma shi ba mutumin da zai je gidan yaro ya zauna babu dalili ba ne.

Ranar Juma'a da safe yana maƙera, hankalinsa na wani wuri, ya ɗora ƙarfe a kan uwar maƙera bai sa shi a wuta ba, ya sauke masa masaba. Ƙwal! Masabar ta dawo har ta girgiza masa kafaɗa. Ya tsaya baki buɗe. Wannan ai ita ce ƙarar takobin Malam a jikin sulke.

Bayan la'asar ya faɗa zauren, duk an ɗaure kaya sai talabijin da tabarma.

"Malam, ƙarhe mai sanyi muka ta bugu! Ni da shekara hamsin a maƙera, wallahi na ji kunya. Kunna!"

Wannan karon Tukur ya ja tsohonsa can baya, ya jefa wuta ɗaya tak, ya dakata, ya ƙara ɗaya. Sulken dodo ya soma ja.

"Yanzu! Sara ukku, ka ja baya!"

Malam ya sara, sai ga dodo ya yi tangaɗi. Da sulken ya fara duhu Tukur ya daka tsawa a dakata, ya bar tulunsa ya ɗan taru, ya sake hurawa. Yatsansa na ƙaiƙayi ya juye wutar duka, amma ya danne zuciyarsa. Malam gumi har gemu, rawani ya karkace, yana ta salati yana sara. A zagaye na shida sulken ya tsage, dodo ya zube.

Ihun da tsofaffin nan suka yi, sai da maƙwabta suka leƙo ko lafiya. Malam ya yi dariya har da hawaye.

"Ashe dai Tukur Maƙeri ya koma zuga!"

"Awo, na koma. Amma mai zuga irina sai an tona!"

Sai kiɗan ƙarshen wasa ya tashi, rubutu ya yi ta hawa allo, dariyar Tukur ta tsaya. An gama ke nan, babu sauran abin da zai kai shi Arkilla. Ya ajiye hannun a kan tabarma, ya fara laluben takalmansa.

Malam ya zare wayar hannun, ya naɗe ta tsaf, ya cusa masa a aljihun riga.

"Ibrahim ya kawo wani kaset, ya ce dodannin ciki sun hi wanga sharri. Ni ba ni taɓa sihiri, ka sani. Na'ura tana wurina, hannu yana wurinka. In ba ka zo ba, kai ka hana ni wasa."

Tukur ya dafe aljihun, ya zura takalmansa ya fita.

Tun daga ranar, kowace Litinin da Alhamis bayan azahar, sai ka ga Tukur a bayan ɗan kabu-kabu sun nufi Arkilla, yana yi wa mai babur faɗa ya bi a hankali, hannunsa ɗaya dafe da aljihu.